Yadda Za Ka Juya Dish da Hannunka Idan Ka Canza Kamfani

Duk gidan hayar da ka shiga a Aboabo ko Asawase, ɗaga kai ka duba bango. Za ka ga dish uku ko huɗu a jere, ɗaya ne kawai ke aiki, sauran tsatsa ta cinye su. Dalilin ba wani abu ba ne: da zarar mutum ya gaji da kamfani ya koma wani, sai ya sayo sabon kaya cif, a sake huda bango, tsohon kuma a bar wa tsuntsaye. Na daɗe ina wannan aiki a unguwanninmu na Kumasi, kuma sau da yawa abin da nake yi wa mutane bai wuce kwance noti biyu da ɗaga dish ɗin kaɗan ba. Dish ba na kamfani ba ne, faranti ne kawai da ke tara sigina, sunan da aka buga a jikinsa fenti ne. Dikoda ce ke ɗaure da kamfani, ita ce dole ka canza.

Kayan da za ka tanada

Sabuwar dikoda da rimot ɗinta. Idan tashoshin kyauta kake so, risibar kasuwa, wato dikodar da ba ta ɗaure da wani kamfani, ta isa, amma ka tabbatar an rubuta DVB-S2 da HD a jikin kwalin. Tsofaffin risiba ba sa buɗe tashoshi da yawa yanzu.

Sufana mai lamba 10 da mai lamba 13, yawancin notin dish waɗannan ne. Filaya, sukudireba, reza ko wuƙa mai kaifi, baƙin salatif na masu gyaran wuta, da alƙalamin maka ko ɗan fenti.

Kawunan waya, waɗanda ake kira F, guda huɗu ko shida. Sayi fiye da buƙata, domin ɗaya zai faɗi ya ɓace.

Wayar dish, wadda ake kira RG6, idan tsohuwar ta fashe, da ƙusoshin maƙale waya a bango.

LNB, wato ɗan kan nan da ke ƙarshen hannun dish yana kallon farantin. Nemi wanda aka rubuta Universal. Ko tsohon yana aiki, ajiye sabo a aljihu.

Tsani mai ƙwari, doguwar wayar jawo wuta, ƙaramar talabijin da za a iya fitowa da ita tsakar gida, da mutum ɗaya mai haƙuri. Ɗan man inji ko kananzir don notin da suka yi tsatsa.

Duk waɗannan ana samun su a Adum ko Kejetia. Na'urar neman sigina mai ƙara tana taimakawa, amma ba dole ba ce. Ni ma sau da yawa a jaka take kwana, domin duk tauraron ɗan'adam da ta ci karo da shi kuka take yi, ba ta san naka da na wani ba.

Ɗan bayani kafin a hau tsani

Taurarin talabijin suna jere a sama saitin tsakiyar duniya, nisan kusan kilomita 36,000, suna zagayawa daidai da juyawar ƙasa, shi ya sa muke ganin kamar a tsaye suke. Kowane kamfani da wurin da yake haya. MultiTV, mai Joy Prime da Adom TV, yana kan Astra a digiri 28.2 gabas, HD+ ma nan yake. DStv na yankinmu yana kan Eutelsat a digiri 36 gabas. StarTimes na dish yana digiri 5 gabas. Canal+ kuwa yana can digiri 22 yamma. GOtv ba ya cikin wannan magana, shi eriya yake amfani da ita.

Ga abin da mutane da yawa ba su gane ba. Kumasi ba ta kai digiri 7 daga tsakiyar duniya ba, saboda haka layin taurarin nan kusan ta saman kanmu ya bi, daga gabas zuwa yamma, kamar hanyar rana. A nan, tashi daga wani tauraro zuwa wani aikin sama da ƙasa ne fiye da dama da hagu. Duba waɗannan lambobi na Kumasi, na farko inda kamfas zai nuna, na biyu tsayin ɗagawa:

36 gabas: wajen 99, ɗagawa 46
28.2 gabas: wajen 101, ɗagawa 55
5 gabas: wajen 135, ɗagawa 79
22 yamma: wajen 253, ɗagawa 65

Ka ga tsakanin DStv da MultiTV bambancin gefe bai wuce digiri biyu zuwa uku ba, amma na ɗagawa ya kusa tara. Wanda ya kwance notin gefe ya fara shara da dish daga dama zuwa hagu ya ɓata wa kansa yini a banza.

1. Gwada tsohon layi tun bai mutu ba

Kafin ka cire komai, kunna tsohuwar dikoda ka shiga shafin sigina. Ko kuɗinka ya ƙare, wannan shafin yana nunawa. Idan sigina na nan lafiya, ka san waya da LNB ƙalau suke, duk matsalar da ta biyo baya daga saitinka take. Idan tun yanzu babu komai, gyara wannan tukuna, kada ka haɗa ciwo biyu wuri ɗaya.

Idan ka ba da izinin a riƙa cire kuɗin wata daga MoMo ɗinka, wato asusun kuɗi na waya, ko banki, dakatar da shi yau. Tsohuwar dikoda da katinta ka ajiye su tare a kwali, domin an haɗa su aure, ɗaya ba ya aiki sai da ɗayan.

2. Duba wurin, ka yi magana da maigida

Tsaya bayan dish ɗin ka duba inda sabon tauraron yake. In ba ka da kamfas, manhajar alƙibla da ke wayarka ta wadatar. Alƙiblar Kumasi tana wajen digiri 65, to fuskanci alƙibla ka karkata dama da kamar digiri 35, ka fuskanci Astra ke nan. Amma yi wannan awon a tsakar gida, nesa da rufin kwano da sandar ƙarfe, domin ƙarfe yana rikita kamfas. Hanya mafi sauƙi ita ce ta malalata, kuma ita na fi so: leƙa dish ɗin maƙwabcin da ke kallon abin da kake nema, ka kwaikwayi zamansa.

Saboda taurarin suna sama sosai a wurinmu, ba sai ka hau rufi ba. A ɗagawa 55, bangon da ya fi dish ɗin tsayi da mita uku ba zai tare shi ba muddin akwai tazarar mita biyu da rabi tsakaninsu. A ɗagawa 46, tazarar ta ɗan ɗara tsayin. Na fi son dish a jikin bango inda tsani zai kai, don gobe idan iska ta taɓa shi ba sai ka nemi mai hawa kwano ba. Itace ne abin tsoro. Mangwaron da yau yake ƙasa da saitin, baɗi zai rufe shi.

Idan sai an sake huda bango, faɗa wa maigida tukuna. Kalma biyu ce, "Baba, zan ɗan matsar da dish", ta fi a zo ana kiran mai unguwa.

Lokacin aiki kuma, da hantsi bayan raɓa ta bushe. Da damina ruwan Kumasi ya fi son yamma, kuma kwano mai laima santsi ne da shi. Ka ga hadari ko ka ji tsawa, sauko. Duba wayoyin wutar da suka ratsa saman gidan kafin ka ɗaga tsani ko sandar ƙarfe. Idan dole ta sa ka hau rufi, taka kan layin ƙusoshi, nan ne katako yake a ƙasa.

3. Yi wa tsohon saiti alama

Wannan minti ɗaya ne, amma shi ke cetonka. Ja layi da maka daga maƙalin dish zuwa jikin sanda. Ja wani a kan ma'aunin ɗagawa da ke gefen maƙalin. Ja na uku daga LNB zuwa zoben da ke riƙe da shi. Ɗauki hoto. In abu ya rikice, kana da wurin komawa ka sake farawa.

Daga nan girgiza sandar da hannu. Idan tana motsi, ɗaure ta ko ka sake mata ƙusoshi. Sannan rataya ɗan dutse a zare ka gwada ta gaba da gefe, dole ta miƙe sak. Sandar da ta karkace tana mayar da lambobin ma'aunin ɗagawa ƙarya.

Na taɓa zuwa wani gida a Sawaba sau uku a wata ɗaya, kullum ƙorafi ɗaya, hoto yana tafiya da rana ya dawo da dare. Na canza LNB, na canza kan waya, shiru. Ran na uku na iso da wuri, sai na tarar an ɗaura igiyar shanya a hannun dish, zannuwa jiƙaƙƙu sun ja shi ƙasa. Na ce, "Hajiya, ai ga ɓarawon nan." Ta ce, "To Masta, ƙarfe ne a tsaye ba ya aikin komai." Ƙusa na buga mata a wani bangon, magana ta ƙare.

4. Waya da kawunanta

Cire dikoda daga wuta gaba ɗaya kafin ka taɓa waya. Dikoda tana tura wuta ta cikin wayar nan zuwa LNB, bolt 13 ko 18. Ba za ta kashe mutum ba, amma in wayoyi suka haɗu tana iya ƙona dikodar.

Kwance kan wayar da ke jikin LNB ka duba. Idan jan ƙarfen tsakiya ya yi baƙi ko kore, ruwa ya shiga. Yanke kamar taƙi ɗaya ka sake dubawa, har sai ka iso inda yake sheƙi. Idan ka yanke mita guda bai daina ba, sayi sabuwar waya.

Yadda ake ɗaura kai: zagaya reza a hankali ka cire rigar waje kamar santimita ɗaya da rabi. Za ka ga siraran gashin ƙarfe, mayar da su baya su kwanta kan rigar. Cire farin roban ciki ka bar kaɗan a gindi, jan ƙarfen tsakiya ya fito. Murɗa kan F a kai har farin roban ya iso bakin ramin ciki, sannan datse jan ƙarfen ya ɗan leƙo waje da milimita biyu ko uku.

Yanzu kai shi wurin haske ka leƙa ciki. Silin gashi ɗaya tak idan ya taɓa ƙarfen tsakiya, babu sigina, wata dikodar ma za ta rubuta maka cewa LNB ya haɗe. Na sha sauka daga tsani ina zargin tauraro, ashe silin nan ne. Kada kuma ka yi haɗin da ake yi wa wayar wuta, a murɗe biyu a naɗe da leda. In dole sai an ƙara tsayi, akwai ɗan mahaɗi na ƙarfe da ake ɗaura kai biyu a jikinsa.

Idan tsohon LNB irin mai bakuna da yawa ne da ake haɗawa da dikodar da ke naɗar shiri, cire shi ka sa Universal mai baki ɗaya. Ba kowane bakinsa ne ke magana da risibar kasuwa ba.

5. Saita dikoda kafin ka motsa dish

Fito da talabijin da dikoda tsakar gida inda za ka riƙa hangowa daga tsani. Haɗa su da LNB da gajeriyar waya. Idan talabijin ɗin babba ce ba ta fita, sa mutum a ɗaki ku yi kiran bidiyo, ya saita wayarsa kan allon. Ihu ta taga ba ya aiki, kafin ya ce "ya zo" ka riga ka wuce.

Dikodar kamfani takan zo da saitinta, kai dai zaɓi ƙasa ka tsaya a shafin sigina. Risibar kasuwa kuwa sai ka shiga wurin saitin eriya: zaɓi sunan tauraron, nau'in LNB ka sa Universal 9750/10600, wutar LNB a kunne, 22K, wato alamar da dikoda ke tura wa LNB don ya sauya rukunin tashoshi, ka bar shi ya zaɓi kansa. Sannan lambobi uku na tashar neman sigina, wato Frequency, Symbol Rate, da harafin V ko H. Kamfanoni suna canza waɗannan lambobi lokaci zuwa lokaci, don haka karɓi na yanzu a wurin wanda ya sayar maka da dikoda, ko ka kwafa daga risibar maƙwabci da ke aiki. Kuskuren lamba ɗaya ya isa ka wuni kana juya dish kan tauraron da ya dace ba tare da ka ga komai ba.

Za ka ga layi biyu. Strength yana nuna LNB ya samu wuta kuma yana jin hayaniya, ko bango ka nuna masa zai iya kai 70. Kada ya ruɗe ka. Quality shi ne maganar. In bai motsa ba, ba ka iso ba.

6. Murɗa LNB

Wannan mataki ne da bidiyon Turawa ke ɓatar da mutane, domin a can murɗawar kaɗan ce, a nan kuwa babba ce. Tsaya gaban dish kana kallon farantin, ka ɗauki LNB a matsayin agogo, inda waya ke fitowa shi ne hannun agogon. Don 28.2 ko 36 gabas, bakin wayar ya tsaya tsakanin ƙarfe 8 da 9. Don 5 gabas, tsakanin 7 da 8. Don 22 yamma, ɗaya ɓangaren, tsakanin 3 da 4. Wannan mafari ne kawai, za ka gyara daga baya. Idan daga DStv za ka koma MultiTV, kusan ba sai ka taɓa shi yanzu ba.

7. Neman tauraron

A nan ake bambanta mai haƙuri da mai gaggawa.

Ɗiga mai a notin, jira kaɗan, sannan sassauta na ɗagawa kawai. Sassautawa na ce, ba kwancewa ba. Dish ɗin ya riƙa motsi da ƙyar, in ka sake shi ya tsaya inda yake. Tsaya a bayansa, domin jikinka a gaba yana tare sigina.

Daga 36 zuwa 28.2: ɗaga fuskar dish sama sannu-sannu, kamar kaurin ashana kowane motsi, ka tsaya ka ƙirga uku. Dikoda tana ɗaukar ɗan lokaci kafin ta nuna. Idan ma'aunin gefe na karantuwa, ƙara tara a kan tsohuwar alamarka. Da ka iso nan, sassauta notin gefe ka tura shi dama kaɗan, kana tsaye a baya, bai fi faɗin yatsa biyu a bakin farantin ba. Daga 28.2 zuwa 36 kuma akasin haka, sauke shi ka ɗan koma hagu.

Kada ka auna da ido ka ce dish ɗin bai kalli sama sosai ba. Irin namu mai siffar ƙwai yana kallon sama da inda fuskarsa ta nuna da digiri ashirin da 'yan kai. Wanda ke kan 55 za ka ga ya ɗan jingina baya ne kawai. Na StarTimes shi ne ke kishingiɗe sosai kamar tire.

Idan yamma za ka koma, kamar Canal+, dish ɗin zai juya baya gaba ɗaya. In a bangon gabas yake, ginin kansa zai iya tare shi, sai an matsar da sandar. A irin wannan, saita ɗagawa a lambarta ka ɗaure, ka yi shara a hankali dama da hagu kusa da inda kamfas ya nuna. Ba ka samu ba, ƙara digiri ɗaya ka sake, ko ka rage.

Da Quality ya yi tsalle, ko zuwa 20 ne, tsaya cak. Matsa dama kaɗan, hagu kaɗan, tsaya inda ya fi yawa. Yi haka da sama da ƙasa. Sannan murɗa LNB a hankali ta nan da ta can, ka ɗan tura shi gaba ko baya cikin zobensa. Sau da yawa a nan ake samun ƙarin da zai riƙe maka hoto ranar ruwa. Kada ka tsaya don hoto ya fito. Hoto yana fita da ɗan sigina kaɗan a rana mai haske, amma yayyafin farko na watan Afrilu zai ɗauke shi. Ƙure shi iya ƙurewa. Dish mai santimita 60 yana kama MultiTV, amma idan mai 90 ne a bangonka kada ka musanya shi da ƙarami don sabo ne. Ruwan sama mai ƙarfi yana cinye sigina a hanya, babban faranti ya fi jurewa.

8. Ɗaurewa

Mutane da yawa a nan suke zubar da abin da suka samu. Ka ɗaure noti ɗaya tamau, dish ya karkata ta wannan gefen, Quality ya zube. Yi rabin juyi a wannan, rabin juyi a wancan, ido na kan allo. Ka ga ya ragu, sassauta wanda ka ɗaure yanzu ka ja ɗan'uwansa. Bayan ka gama, danna bakin farantin da yatsa ta sama, ta ƙasa, ta dama, ta hagu. Idan ko'ina ka danna sigina raguwa yake yi, kana tsakiya. Idan wani gefen ƙaruwa yake yi, akwai sauran gyara ta nan.

9. Bincike da kunnawa

Sa dikoda ta nemo tashoshi. A risibar kasuwa zaɓi Blind Scan, in na kyauta kaɗai kake so ka zaɓi FTA don kada jerin ya cika da tashoshin da ke kulle. Karanta sunayen da suka fito. Ka ga Joy News da Adom TV, kana kan 28.2. Idan wasu baƙin sunaye ne, maƙwabcin tauraro ka kama, koma mataki na 7. Idan rabin tashoshi sun fito rabi babu, yawanci murɗin LNB ne bai daidaita ba, ko an kashe 22K.

Dikodar biya sai an kunna ta daga kamfani. Bar ta a kunne kan sigina, ka bi umarnin da ke takardar cikin kwali da lambar katin ko ta ƙasan dikodar. Idan ta fara sabunta kanta kada ka cire wuta, ko da ta daɗe.

Mai son riƙe tsohon kamfani da sabo tare, misali yara na son Africa Magic Hausa shi kuma yana son labaran gida kyauta, zai iya ɗora LNB biyu a dish mai 90. Saita farantin a 28.2, ka ɗaura na 36 a saman na farko da ɗan maƙali, kowanne da wayarsa zuwa dikodarsa. Aiki ne mai cin rai, kada ya zama gwajinka na farko.

10. Rufe aiki

Kashe wuta, mayar da doguwar waya jikin LNB, ka kai kaya ɗaki ka sake duba Quality. Idan ya faɗi sosai fiye da yadda yake a waje, laifin wayar ne ko kawunanta. Naɗe kan da ke waje da salatif daga ƙasa zuwa sama, yadda ruwa zai gangara ta kai. Maƙale waya a bango ba tare da ƙusa ta cije ta ba, kada ka lanƙwasa ta kamar gwiwa, kuma nisanta ta da wayar wuta. Inda za ta shiga ɗaki, bar ta ta ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ta hau ta shiga, domin ruwan da ke bin jikinta ya ɗige a waje maimakon ya biyo ta har bayan talabijin. Toshe ramin da siminti ko ɗanko, in ba haka ba kyankyasai sun samu ƙofa.

Ja sabbin alamu da wani launi daban a kan sanda, ma'aunin ɗagawa da LNB, ka bar tsofaffin yadda suke. Shafa ɗan giris a notin, ka rubuta lambobin nan uku a takarda ka manna ta a ƙasan dikoda.